Wasiƙun Gwiwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu
a Valparaíso, garin da ke rataye a jikin tuddai
kamar wanki a kan igiya.
Daga bakin teku zuwa ƙofata matakala ɗari da arba'in da bakwai ne,
na ƙidaya su da jaka a kafaɗa
har guringuntsi ya ƙare, ƙashi ya shiga gugar ƙashi a gwiwa.

Suka cire tsohuwar, suka sa mini ta ƙarfe da roba.
Likita ya ɗaga hoton ƙashi ga haske,
ya ce, "Eleuterio, dubi aiki, ko agogo bai fi shi zama daidai ba."
Na duba, gaskiya ya faɗa.
Sai dai hoto ba ya kwana a gadona,
bai san abin da ke tashina ƙarfe uku na dare ba, kamar tsawa.

Shekara biyu.
Herminia ta daina tambayata yaya jiki,
ta koyi karanta fuskata kamar adireshin da ruwan sama ya jiƙa.
Ita ke sauka sayo kifi da burodi,
ni kuwa ina bakin taga ina ƙirga jirage a kan ruwa.

Dakta Ximena Oyarzún ta zana mini da biro a kan fata,
ɗigo biyu a sama, ɗaya a ƙasa ta ciki.
Ta ce, "Ƙarfen lafiya lau yake.
Jijiyoyi ne uku, sirara kamar zare,
su ke kai saƙon ciwo sama.
Za mu sa su barcin yini guda mu gani,
in ciwon ya ragu da rabi, mu ƙone su."
Na ce, "Ashe abokan sana'ata ne.
Ai ɗan aike ba ya laifi, Dakta."
Ta ce, "Wannan ɗan aiken wasiƙa ɗaya ce yake ta kawowa,
gidan da aka rubuta ta kuwa an rushe shi tun bara waccan."
Na yi shiru, ban sami abin cewa.

Ranar gwaji na sauka har kasuwa, ni kaɗai,
na sayo lemo wanda ba mu da buƙatarsa.
Da magariba ciwo ya dawo ya tarar da ni ina murmushi,
bai gane dalili ba, ni kuma ban tsaya bayani ga kowa.

Ranar Talata aka kwantar da ni rigingine.
Allura uku, na'ura na ƙara kamar tsohon firji.
Zafi digiri tamanin, in ji ta, a bakin allura kawai.
Na ji nauyi, na ji ɗumi can ciki kusa da ƙashi,
na riƙe gefen gado ina karanta sunayen tituna a zuciya
bi da bi, yadda nake bin su da safe,
na nemi gafarar ƙananan masinjojin nan uku
da suka yi aikinsu ba hutu, ba fansho, ba yabawa.

Sati biyu wurin na tsami.
A na uku na farka rana ta fito,
Herminia na tsaye a kaina, ta zaci wani abu ne ya same ni.
Barci ne kawai, tsohon baƙo mai wuyar zuwa.

Dakta ba ta ɓoye mini ba:
jijiya na tohowa, wata tara, shekara, wani lokacin fiye.
Na san halinmu, mu masu jaka,
ko an canza lambar gida sai mun gano hanya.
In sun ƙwanƙwasa zan buɗe.
Kafin nan dai ga matakala,
yau na kai ta sittin da huɗu na zauna,
jakar kifin Herminia a cinyata,
iskar teku na shiga rigata, sauran tamanin da uku na jiran hawa.